Garin Maizena: ra'ayin uwar da ke ba ɗiyarta shi ɗanye

Yawancin matan Maradi sun san Maizena a matsayin garin da ake kaurara miya da shi ko a zuba a kwaɓin gato. A gidanmu kuwa a jerin magani yake, kusa da na'urar auna sukari. Sitacin masara ne zalla, fari tas, cikin kwali ruwan ɗorawa, kuma ɗiyata tana shan shi ɗanye a ruwan sanyi dare da rana. Na rubuto ne saboda iyayen da aka ce wa su saye shi, suka tsaya suna mamaki wai garin miya ne zai riƙe ran yaro.

Larurar ɗiyata ta gado ce, ana ce mata ciwon von Gierke. A jikin kowa akwai wata ƙwayar gado mai suna G6PC, a kan kuromozom na 17. Ita ce ke sa hanta da ƙoda su ƙera wani sinadari wanda aikinsa shi ne cire wani sinadari da ake ce wa fosfat daga jikin gulukos, wato sukarin jini, don gulukos ɗin ya samu fita daga hanta ya shiga jini. Ko hanta ta warware sukarin da ta ajiye ne, ko ta haɗa sabo daga wasu abubuwa, dole sai an bi ta wannan mataki na ƙarshe. Shi ya sa mai lafiya yake kwana bai ci ba, har ya yi azumi, sukarinsa bai faɗi ba. Ita nata sinadarin ba ya aiki. Lokotoron da ta gano ciwon ta ce mini, "Madam, ki ɗauka rumbu ne cike da hatsi amma ba ƙofa." Hantar tana ta tarawa tana kumbura, jini kuma yana yunwa. Awa 3 zuwa 4 ba abinci, sai zufa, sai rawar jiki, sai jijjiga.

A nan garin, yaro mai ƙaton ciki da siraran ƙafafu tamowa ake fara ce masa, mai jijjiga kuma zazzaɓin cizon sauro, in an koma gida a ce iska. Ban ga laifin kowa ba, don ciwon yana kama kusan jariri 1 ne cikin 100,000. Amma ɗiyata tana ci sosai, kumatunta cike, ga yawan haɓo, ga tsawo ya ƙi zuwa. Sai a Yamai aka auna sukarinta da asuba kafin ta ci komai, aka duba hanta, daga baya aka aika jini Faransa aka tabbatar. Ciwon ba sabo ba ne: wani likitan Jamus, Edgar von Gierke, ya bayyana shi a 1929, Carl da Gerty Cori suka gano sinadarin da ya ɓace a 1952, ita kuma ƙwayar gadon sai a 1993 aka gano ta. Dabarar ba da ɗanyen sitacin masara a 1984 likitoci a Amurka suka wallafa ta. Kafin nan yara da yawa ba sa girma. Duk sanda na tuna haka sai in yi hamdala.

Abin da ya sa nake yaba wannan gari shi ne ba ya canza mini. Ɗanyen sitaci a hankali hanji ke narka shi, yana sakin gulukos kaɗan-kaɗan na tsawon awanni, kuma duk lissafina na dare a kan wannan jinkiri yake. In na auna giram ɗin da aka rubuta mata, na dama da ruwan randa, ta sha, na san lokacin da zai kai ta. Ina dubawa da na'ura, kuma kwali bayan kwali sakamakon bai saɓa ba: sukarin yana zama sama da 0,70 g/l da aka ce kada ya sauka ƙasa da shi. Wanda na'urarsa ta fito daga Najeriya zai iya ganin 70 ko 3,9, ma'auni ne ya bambanta. Garin yana da laushi, ba tsakuwa, ba wari, ba a zuba masa sukari ko kala ba, kuma an rubuta ranar lalacewa a jiki.

Sai dai ɗanye, ƴan uwa, ɗanye. Nan ne na fi shan fama da mutanen gida. Inna, uwar maigidana, tausayi ne ke kama ta in ta ga yarinya na haɗiyar farin ruwa mai sanyi cikin hunturu, sai ta ce, "Ɗiyar nan, ki dama mata shi kamar koko mana." Na ce, "Inna, wuta na taɓa shi ya tashi daga magani." Dafaffen sitaci nan da nan yake narkewa, sukari ya hau da sauri ya sauko da sauri, tsakar dare a shiga uku. Ko ruwan ɗumi ba na sa masa, ba na kuma haɗa shi da tsamiya ko lemun tsami. Yanzu Inna da kanta ke tashina in ƙararrawar salula ta buga ban motsa ba, Allah ya saka mata.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba, kuma wahalar ta kowane ɗanyen sitaci ce. A baki kamar alli yake. Yana kwanciya a gindin kofi da zarar an ajiye, don haka a dama a sha nan take, a ɗauraye kofin da ɗan ruwa a shanye. Da farko ya kumbura mata ciki ya sa ta zawo, sai da aka fara da kaɗan ana ƙarawa. Ba a ba jaririn da bai kai wata 6 ba, wasu ma sai sun shekara, don cikinsu bai iya narka shi ba tukuna. Kuma ba abinci ba ne, ba ya gina jiki. Tuwon hatsi, wake, ƙwai, kifi da zogale suna nan a wurinsu. Akwai wani sitaci na musamman mai suna Glycosade da ake amfani da shi a Turai, wanda ke kai wasu yara har safiya ba tashi. Ina fatan ranar da zai iso mana.

Lokacin da na fi sanin darajarsa shi ne bayan Yulin 2023, da aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, kaya suka yi wuya suka yi tsada. Maigida ya zaga butik-butik daga unguwar Zariya har Babbar Kasuwa bai samu kwali ba, dole muka sayi na awo da ake ƙullawa a leda. Mai sayarwar ya rantse sitacin masara ne. A daren, tun kafin lokacin sha na gaba ya yi, na'ura ta nuna sukari ya sauka, muka kwana muna ba ta tuwo loma-loma. Na awo ba shi da suna ba shi da kwanan wata, ba kuma wanda za ka kama. Haka garin kastad: tushensa sitacin masara ne, amma an ƙara masa kala da ƙamshi, ba na kusantarsa.

Abin da ya fi garin wuya shi ne hani. Sukari, zuma, rake, dabino, mangwaro, zoɓo mai zaƙi, duk an taƙaita mata, har da madara da nono, domin sukarin da ke cikinsu hantarta ba ta iya mayar da shi gulukos na jini, sai ya koma tsami da kitse a jiki. A garin da fura da nono ke zaman abincin rana, a ce yarinya ta kalli ƙwarya ta kau da kai! An rubuta mata kalsiyam a madadin nonon. Azumi kuwa ba nata ba ne ko ta girma, kuma malamai sun san mara lafiya yana da rangwame.

Ni da maigida ɗan wa da ɗiyar ƙane ne. Kowannenmu yana ɗauke da kwafi ɗaya mai matsala, lafiyarmu lau, ita ta gaji biyun. An gaya mana kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4. Ba na zagin auren zumunci, cikinsa na samu mijin kirki, amma dangin da suka taɓa rasa yara masu babban ciki da jijjigar asuba ya kamata su faɗa wa likita wannan tarihi da bakinsu.

Kada wani ya karanta wannan ya fara ɗura wa yaronsa sitaci don ya ga ciki ya fito, kuma mai ciwon sukari ba shi nake wa magana ba. Likita ke yanke yawan giram bisa nauyin yaro, yana sauya shi in yaron ya girma. A sayi ɗan sikelin kicin, cokali yana yaudara. In yaro ya kama amai ya kasa riƙe garin, asibiti kai tsaye don ƙarin ruwa mai gulukos, a kuma nuna takardar da ta ce ban da ruwa mai laktat, wato tsamin nan da ke taruwa a jikinsu. Ni katan nake saye yanzu, in juye kwalin da na buɗe a roba mai murfi saboda raɓar damina, kuma na roƙi Alhajin butik ɗinmu ya riƙa ajiye mini in sabon kaya ya sauka.