Lauya bayan ƙaramin haɗarin mota: wane aikinsa ne ya cancanci kuɗinka?

Nau'in haɗarin da ake magana a kai shi ne wanda ake gani kullum a danja da shataletale: an daki mota ta baya, bamba ta tsage, fitila ta fashe, ko ɗan adaidaita sahu ya goge ƙofa ya kwashe fenti. Ba wanda ya ji ciwo, motar kuma tana iya tafiya da ƙafarta. Sai a ji mai motar, cikin fushi, yana cewa lauyansa zai kira. A irin wannan hali aikin da lauya ke sayarwa a Najeriya iri uku ne, shawara da rubutu da shari'a, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce ko kusa.

Shawara ita ce mafi arha, ita ce kuma mafi amfani. Zama ɗaya ne a ofishinsa, ka biya kuɗin gani, ya duba hotunanka da takardunka ya gaya maka ko kana da abin kamawa. Sai dai amfanin zaman yana ga abin da ka zo da shi a hannu, wanda kuma a wurin haɗarin ake tara shi, cikin mintocin farko kafin a ture motoci gefe. Ka ɗauki hoton motocin biyu a yadda suka tsaya, daga nesa yadda za a ga hanya da danja ko mahaɗa, sannan daga kusa. Ka ɗauki lambar ɗaya motar, da lasin direban, da takardar inshorarsa, da lambar wayar mutum biyu da abin ya faru a gabansu. Wanda ya je wa lauya da labarin baka kawai, zai biya kuɗi ne a gaya masa cewa maganarsa ce da ta wancan.

Takardar inshorar nan ita ce lauyan kirki zai fara tambaya. Tun ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗin inshorar dole ta motar gida, wadda ke biyan ɓarnar da direba ya yi wa wani, daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Yawancin ƙananan haɗurra ba sa kaiwa wannan iyaka. Ma'ana, idan wanda ya buge ka yana da inshora ta gaske, kamfaninsa ne ya kamata ya biya, ba aljihunsa ba. Matsalar ita ce takardun jabu sun yi yawa, irin waɗanda ake haɗawa mutum a gindin bishiya lokacin sabunta takardun mota. Ana tantancewa da lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID, ta intanet ko ta danna *565*11# a waya. Wannan ba sai da lauya ba, kuma minti biyu ne. Idan lambar ba ta fito ba, ka san da aljihun mutum za ka yi, lissafin kuma ya canza gaba ɗaya.

Abu na biyu da shawarar ke tsare ka daga gare shi shi ne bakinka. Al'adarmu ce a fito a ce “yi haƙuri, laifina ne, Allah ya tsare gaba”, kuma wannan ɗabi'a ce mai kyau. Amma kusan kowace takardar inshora tana ɗauke da sharaɗin cewa kada mai ita ya amsa laifi ko ya yi alkawarin biya ba da iznin kamfani ba, kuma ya sanar da su da wuri. Wanda ya amsa laifi a rubuce, ya biya rabin kuɗin gyara, sannan bayan mako uku ya je kamfanin inshora neman a mayar masa, ya ba su ƙofar ƙin biya da hannunsa. Jaje daban, amsa laifi daban.

Aiki na biyu shi ne rubutu, kuma a nan ne lauya ya fi cin kuɗinsa da halali. Rubutun iri biyu ne. Na farko takardar sulhu. Mafi yawan waɗannan rigingimu a bakin gareji suke ƙarewa, wanda ya yi ɓarna ya ce a kai wa bakanikensa, ko ya ce zai biya a hankali. Abin da ke lalacewa sananne ne: an yi magana a kan bamba, da aka kwance ta sai aka tarar lagireto ya tsage, kondansan na'urar sanyaya mota ya lanƙwashe, ƙarfen da ke riƙe da fitila ya karye. Ko kuma an yarda a kan sabuwar fitila, aka sayo ta hannu daga kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, gardama ta tashi. Takardar da ta san aikinta za ta faɗi sunayen mutanen biyu da lambobin motocin, da rana da wurin haɗarin, da jerin kayan da za a sauya ɗaya bayan ɗaya, sabo ne ko na hannu, da garejin da zai yi aikin, da jimillar kuɗi a lamba da kuma a harafi, da ranar biyan kowane kashi, da shaidu biyu. Kada a sa mata hannu sai an kwance gaban motar an ga abin da ke ciki, ko kuma a rubuta cewa duk ɓarnar da ta bayyana bayan kwancewa tana cikin lissafi.

Amfanin rubuta jimillar kuɗi ya wuce kawar da gardama. Kotun ƙananan basussuka, wadda Kano ta buɗe a 2019 bayan Legas, tana sauraron bashi ne da aka san adadinsa, da nufin kammalawa cikin kwana 60, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya. Iƙirarin “ya lalata min mota” ba bashi ne mai adadi ba. Amma takardar da ta ce wane zai biya wane kuɗi kaza ranar kaza, ta mayar da shi bashi. Wannan shafi ɗaya ya fi dogon zaman kotu daraja.

Rubutu na biyun shi ne wasiƙar neman biya, mai ɗauke da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA, wadda ke ba da wa'adi, galibi kwana 7 ko 14. Tana aiki sosai a kan kamfani mai motoci da kuma kamfanin inshora mai jan ƙafa, domin suna da ofis da suna da za su kare, kuma doka tana ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da direbansa ya yi a bakin aiki. A kan ɗan adaidaita sahu da ke biyan balas kullum kuwa, wasiƙar ba ta da wani tasiri, don ba ƙin biya yake yi ba, babu ne. A nan shugaban tasharsu ko mai babur ɗin ya fi barista amfani. Game da kamfanin inshora ma, kafin a biya kuɗin wasiƙa, NAICOM tana da sashen karɓar koke, kuma mai mota yana iya rubuta musu da kansa, ya haɗa rahoton 'yan sanda da hotuna da ƙiyasin gyara.

Sai aiki na uku, shigar da ƙara, wanda a ƙaramin haɗari shi ne mafi raunin ukun. Ba don lauyoyi ba su iya ba, lissafin ne ba ya fita. Akwai kuɗin karɓar aiki, da kuɗin shigar da takardu, da kuɗin kai sammaci, da kuɗin zuwa kotu da lauyoyi da yawa ke karɓa a kowane zama, ko da an ɗage shari'ar ba a yi komai ba. Ɗauka misali gyaran naira 250,000 ne. Zama shida ko bakwai ya isa ya cinye kaso mai tsoka, ga ranakun aiki da suka tafi, ga farashin kayan gyara da ba ya jiran alƙali. Kotu kuma ba ta ba da kuɗin gyara a kan ƙiyasin baka, sai an jera kowane abu an kawo rasit, wani lokaci har mai gyaran ya zo ya ba da shaida. Bayan an ci shari'ar ma, karɓo kuɗin wani aiki ne sabo mai nasa kashe-kashen. Dokar aikin lauya ta yarda a yi yarjejeniyar biya daga abin da aka samo a shari'ar da ba ta laifi ba, irin wadda aka san lauyoyin Amurka da ita, amma da wuya wani ya karɓi aikin bamba da fitila a kan haka. Wanda ke Kano yana da gidan sasanci da ke ƙarƙashin babbar kotun jiha, inda ake sasantawa a rubuta, kuma ya fi dacewa da rigimar wannan girman.

Akwai wuraren da wannan hukunci ke juyewa, lauya ya zama dole. Idan wani ya fara kukan wuya ko baya ko ciwon kai washegari, abin ya tashi daga ƙaramin haɗari. Irin wannan ciwon yakan ɓuya kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa sa hannu a takardar “na yafe komai” a ranar haɗari ganganci ne. A je asibiti, a ajiye kati da rasit, sannan a ga lauya. Marasa hali suna iya tuntuɓar hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, wadda neman diyyar haɗari yana cikin ayyukanta.

Haka nan idan motar gwamnati ce ta buge ka tana bakin aiki. Dokar kare jami'an gwamnati ta tarayya ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, kuma wata uku ba komai ba ne ga wanda ake ta ce wa ya dawo mako mai zuwa, oga ya yi tafiya. A wannan kam a ga lauya a makon farko.

Na ƙarshe shi ne idan magana ta koma ta laifi, wato sashen kula da haɗurra na 'yan sanda ya riƙe mota, jami'in VIO mai binciken lafiyar motoci ya duba ta ya rubuta rahoto, ana batun gurfanar da direba gaban majistare kan tuƙin ganganci. Aikin 'yan sanda shi ne auna wurin, da zana taswirar haɗarin, da rubuta rahoto, da gurfanarwa idan akwai laifi. Karɓar wa mutum kuɗin gyara ba ya ciki, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba. Direban da aka tsare ana matsa masa ya sa hannu a kan adadin da bai ga ƙiyasinsa ba yana bukatar lauya a wannan ranar.

Kafin a ba kowane lauya aiki, a nemi ya rubuta kuɗinsa kashi-kashi: nawa ne shawara, nawa ne wasiƙa, nawa ne ƙara, kuɗin zuwa kotu yana ciki ko daban ne, wa zai biya kuɗin takardu. A tambaye shi kai tsaye, idan an ci shari'ar, daga ina kuɗin zai fito? Wanda ya fara da tambayar inshora da hotuna da halin wanda ake bi, ya san aikin. Wanda ya fara da lissafa maka miliyoyin diyyar ɓata lokaci tun bai ga rasit ko ɗaya ba, a biya shi kuɗin gani a nemi wani.