Wata tara a makarantar ɗinki a Damagaram: abin da na biya da abin da na samu

Tun da na ɗora hoton rigar sallar ƙanwata a WhatsApp, mutum huɗu suka tambaye ni inda na koyi ɗinki, da kuma ko wurin ya ci kuɗinsa. Amsar ta fi ƙarfin saƙo ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunan makarantar ba, domin akwai yabo akwai ƙorafi, kuma a garin nan ko ba a haɗu a kasuwa ba a haɗu a gidan biki.

Ɗaki biyu ne da rumfa. Na shiga a watan Oktoba na 2023, na gama a Yunin 2024. Rajista jaka goma ta sefa, kuɗin wata jaka bakwai, kayan aiki kuma kowa da nata: almakashi, mita, alli, zare, allurai da yadin gwaji. Ana zuwa daga Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe takwas zuwa azahar.

Na je da girman kai, gaskiya. Tun ina yarinya nake taka tsohon keken Butterfly na innata, ina kama bakin zane, ina rage wa 'yan gida riga. A zatona wata biyu sun ishe ni in kwashe abin da ya rage. Sai ga shi na yi sati uku ban taɓa keke ba. Madam, wato malamarmu, ta raba mana takardar buhun siminti, ta ce mu auna juna mu zana patiron, wato siffar rigar da ake fara yankewa a takarda kafin a kusanci yadi. Kafaɗa, ƙirji, ƙugu, mazaunai, tsawon hannu, zurfin hammata. A raba kewayen ƙirji gida huɗu, a ƙara ɗan sarari don numfashi, a bar santimita ɗaya da rabi na ɗinki. Na yi ta gunaguni a gida cewa na biya kuɗi ana sa ni yankan takarda kamar 'yar lakwal. Telolin unguwarmu ai alli kawai suke dangwalawa a kan atamfa su zuba almakashi, rigar kuma ta fito.

Ta fito, amma fa tambayi duk macen da ta taɓa karɓo riga hammata ta kama ta, ko gaba ya ɗage baya ya sauka. A sati na huɗu Madam ta koya mana pens, 'yar matsewar nan da ake yi a ƙirji da ƙugu don yadi ya bi jiki. A ranar na gane abin da ya sa duk rigar da na taɓa ɗinkawa take tsayawa kamar buhu.

Inda makarantar ta ci kuɗinta da gaske shi ne sanin halin yadi. A nan Madam ba ta da na biyu, kuma da wannan kaɗai aka koya mini da ban ce na yi asara ba. Takan shimfiɗa ƙyalle ta ce ki ja shi ta tsaye, ki ja ta kwance, sannan ki ja ta karkace. Ta tsaye ba ya motsi, ta kwance ya ɗan saki, ta karkace kuwa sai ya miƙe kamar roba. Shi ya sa siket ɗin da aka yanka ba bisa zaren tsaye ba yake murɗewa bayan wanki biyu, mai shi ta yi ta zagin sabulu. Yadin auduga kuma yana shan ruwa ya tsuke, don haka dokarta ce a jiƙa shi a shanya a goge kafin yanka. Mun yi dariya ranar da ta faɗa, don a Damagaram ruwa ba abin wasa ba ne, wata unguwar sai an sayi jarka wurin 'yan ga-ruwa. Ta ce jarka ɗaya ta fi arha a kan rigar da ta koma ta ƙanwarki.

Shadda kuwa akasin haka. Ba a jiƙa ta kafin ɗinki, domin ƙyallin nan da tsayuwar su ne kuɗinta, kuma allura tana barin tabo a jikinta. In kika yi kuskure kika warware, ramukan suna nan suna kallon ki. Mai tsada irin Getzner, wadda ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, sau ɗaya tak aka bari muka taɓa, ita ma ta wata hajiya ce da ta kawo ɗinki. A kan shadda mai sauƙin kuɗi muka koya. Leshi da yadi mai santsi suna son siririyar allura, lamba 11, atamfa da shadda lamba 14, kaki da yadi mai kauri lamba 16. Shekara nawa ina ɗinki da allura ɗaya har sai ta karye, ina mamakin yadda ƙyalle mara nauyi ke tattarewa a ƙarƙashin keke.

Sai atamfa, wadda ta kunyata ni. Gwaggona ta ba ni turmi guda, yadi shida, mai zanen tsuntsaye, in yi mata riga da zane. Don in tsimi yadi sai na juya patiron na baya. Gaba tsuntsaye na tashi sama, baya kuma duk sun yi ƙasa da kai. Ban lura ba sai da na haɗa kafaɗa. Madam ta ɗaga rigar ta juya ta, ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, waɗannan na bayan harbo su aka yi?" Ajin ya kwashe da dariya. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa na ciro sabon baya daga cikin rabon ɗankwali, ta nuna mini yadda ake daidaita zane a ɗinkin gefe don tsuntsu kada ya rabu biyu. Gwaggo ta samu riga da zane, ɗankwalin dai ya fito ɗan ƙarami, har yau tana yi mini gorinsa.

Wani abu da na ji daɗinsa shi ne yadda ta haɗa mana awon gida da na Kano. Mu a nan da santimita muke aiki, amma kaya da yawa a Kasuwar Dole daga Kantin Kwari suke zuwa, can kuma yadi da inci ake magana. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗoriya, bai kai mita ba, inci kuma santimita 2.54. Wadda ba ta riƙe wannan ba za ta ce a yanko mata yadi uku tana lissafin mita uku, ta dawo gida hannun riga ya rasa inda zai fito.

Zamanmu ya faɗo a mugun lokaci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar da ke zuwa daga can, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Zare, zif, maɓalli, komai ya tashi. Wannan ba laifin makaranta ba ne, kuma a nan keken ƙafa ya nuna darajarsa, shi da dutsen guga na gawayi. Amma akwai abin da yake laifinta. Mu goma sha takwas ne, keke shida, biyu a ciki kullum suna jiran mai gyara. Wata ranar za ki biya kuɗin kabu-kabu ki zo, ki samu minti arba'in a kan keke, sauran lokacin kina riƙe da ƙyalle kina kallon ƙeyar wata. Hunturu ya zo, ƙura ta cika ƙoshiya, man keke ma sai mun yi karo-karo. Injin surfila mai kama bakin yadi don kada ya zare, wanda mutanen Kano ke kira wibin, yana ɗakin ciki a rufe, sau uku na zauna a kansa a wata tara.

A takardar da aka ba mu ranar rajista an rubuta har da surfani da aikin wuya. Ba a yi ba. Kullum sai wata mai zuwa. Wannan ya fi yi mini ciwo, don a garin da ake hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, kowa ya san kuɗin ɗinkin maza a wuya da aljihu yake, a aska biyu da aska takwas. Ɗinkin maza gaba ɗaya sati biyu aka yi mana, jamfa ɗaya da wando ɗaya. Zanen fasali kuma, wato ki zauna ki ƙirƙiro naki samfurin a takarda, kusan babu. Madam takan ba mu labarin Alphadi, fitaccen mai zanen tufafi na Nijar, da bikinsa na nunin tufafin Afirka, FIMA, da ya fara a 1998 cikin hamada kusa da Agadas, idonta har ƙyalli yake. Amma idan aka zo aiki, hoto ake buɗowa a waya a ce a yi irinsa.

Da azumi ya kama sai makaranta ta koma shago. Ɗinkin sallar mutanen gari ya cika rumfa, mu ne kama baki, mu ne sa maɓalli, mu ne guga, wata ranar har bayan la'asar da bakin azumi. Ba a rage mana ko dala daga kuɗin wata ba. Zan faɗi gaskiya, hannuna ya yi sauri a wannan watan fiye da watanni biyar na baya, kuma na ga yadda ake lallashin mai kaya idan alkawari ya saɓa. Duk da haka da an faɗa mana tun farko, ko a ba mu na sabulu, da zuciya ta fi kwanciya.

Ga wadda ke da keke a gida, ko ta aro, ina ce mata ta je. Ta ɗauki darasin safe ta dawo ta maimaita da yamma, ta riƙa kai wa Madam duk ƙyallen da ya ba ta wahala, don ba ta ƙosawa da tambaya a kan yadi. Wadda ba ta taɓa taka keke ba gara ta fara yin wata uku wurin telan unguwa, in ba haka ba layin keke zai cinye mata shekara. Mai son surfani ko babbar riga ta nemi wani wurin tun yanzu.

Ni yanzu ina ɗinki a zauren gidanmu da keken Inna, patiron masu kayana na rataye a ƙusa, kowanne da sunan mai shi a jiki. Takardar shaidar gamawa kuwa har yau ban karɓa ba. Na je sau uku, an ce ana jiran sa hannu, in dawo ranar Alhamis.