Gargaɗi ga masu shirin hawan Kilimanjaro: akwai mai karɓar kuɗin tafiya ya ɓace

Jama'a, na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, domin ba kowa ke son a ji an cuce shi ba. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne, a makon nan na ga hotunan da aka yaudare mu da su sun sake fitowa a wani shafi mai sabon suna, mutane kuma suna ta tambaya a ƙarƙashinsu yadda za su biya kafin alƙalami. Idan kana cikinsu, ko ka san wanda yake ciki, don Allah a dakata a karanta wannan tukuna.

Mu huɗu ne, abokan juna tun muna makaranta. Mun yi kusan shekara biyu muna tara kuɗi muna atisaye, da burin mu taka ƙololuwar Uhuru, kan dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, mita 5,895, inda babu wani wuri a Afirka da ya kai shi tsayi. Ni aka ɗora wa nauyin nemo kamfanin da zai kai mu, saboda doka ba ta yarda mutum ya hau dutsen nan shi kaɗai ba, dole sai da ɗan jagora mai lasisi.

A wajen neman ne na ci karo da shafin mutumin da ya cuce mu. Hotuna masu ɗaukar ido: tantuna a saman gajimare, mutane rungume da allon Uhuru da hudowar rana, 'yan dako suna waƙa a bakin ƙofa. Mabiya dubbai, yabo kuma ba a magana. Na aika saƙo, ko minti goma ba a yi ba ya amsa, ya ce mu koma WhatsApp. Mutumin ya san dutsen, ko kuma ya haddace shi sarai. Ya bambanta mini hanyar Marangu mai ɗakunan kwana da ta Machame da ta Lemosho inda ake kwana a tanti. Ya yi mini bayanin katangar Barranco da sansanin Barafu, inda ake tashi da tsakar dare a nufi ƙololuwa. Ya aiko da jerin kayan sanyi, kuma babu kuskure a ciki. Da na ce muna son kwana shida, shi da kansa ya ce mu yi bakwai don jikinmu ya saba da tsayin. Wannan shawara gaskiya ce, kuma ita ce ta sa na saki jiki da shi gaba ɗaya.

Farashin da ya yanka mana bai kai dala 900 ba a kan kowane mutum, har da ɗauko mu daga filin jirgi da kwana biyu a otal a Moshi, garin da ke gindin dutsen. Sauran kamfanonin da na tuntuɓa suna neman ninkinsa, wasu fiye. Na tambaye shi dalili, ya ce shi ɗan ƙasa ne, ba shi da dillalai a Turai da za su ci rabonsu. Maganar ta shiga kunnena. Ya ce mu ba da rabi don a riƙe mana gurbi, wai saura kaɗan a cike. Lambar asusun da ya turo da sunan mutum take, ba sunan kamfani ba. Da na yi magana ya ce asusun kamfanin yana da 'yar matsala da banki, za a warware a ƙarshen wata. Muka tura.

Bayan mako biyu ya aiko da wata takarda mai tambarin hukumar gandun daji, ga sunayenmu da lambobin fasfo ɗinmu a jere, wai izinin hawa ke nan. Ranar mun yi murna ƙwarai. Daga nan sai buƙatu suka fara biyo juna. Hukuma ta ƙara kuɗin shiga, a cika kafin Juma'a ko izini ya lalace. Sai kuɗin hayar jakar barci da sandunan tafiya. Sai cikon kuɗin gaba ɗaya, wai don ya sayi abinci ya biya 'yan dako. Kowane karo da ladabi da fara'a yake magana, har yana tambayar yadda atisaye ke tafiya. Kafin mu hau jirgi babu ko dala ɗaya da yake bin mu.

Da dare muka sauka a filin jirgin Kilimanjaro, wanda ke tsakanin Arusha da Moshi. Direbobi a tsaitsaye da alluna ɗauke da sunayen baƙinsu, babu namu a ciki. Na kira, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, a kashe. Muka ɗauki tasi zuwa otal ɗin da ya ambata, suka duba littafinsu suka ce ba su da labarinmu, shi ma ba su san shi ba. Da safe muka bi adireshin ofishinsa, muka tarar da wani shago da babu abin da ya haɗa shi da yawon buɗe ido. Kafin azahar ya toshe lambobinmu duka huɗu, shafin ma ya ɓace.

A ranar muka shiga ofishin wani kamfani na gaskiya, ba don muna da sauran kuɗin hawa ba, sai don mu gane abin da ya same mu. Wani dattijo da ya shekara da shekaru yana jagoranci a dutsen ya zaunar da mu, ya duba takardar izinin nan, ya girgiza kai. Ya ce kamfani mai lasisi ne ke biya wa baƙinsa kuɗin shiga ta hanyar da hukuma ta tsara, sannan a yi wa kowa rajista da fasfonsa a bakin ƙofa ranar hawa. Ya kuma ce a hanyar Machame gurbi ba ya ƙarewa kamar kujerar jirgi, saboda haka zancen saura kaɗan a cike tun daga tushe ƙarya ne.

Sannan ya ɗauko biro da takarda ya yi mana lissafin da ya kamata in yi tun kafin in tura ko sisi. A lokacin, baƙon da ya zo daga wata ƙasa yana biya wa hukumar gandun daji ta Tanzaniya, TANAPA, dala 70 a kowace rana da ya yi a cikin gandun. Kwana a tanti dala 50 kowane dare. Kuɗin ceto dala 20. A kan wannan duka sai a ɗora haraji kashi 18 cikin 100. Kwana bakwai a Machame, wato rana bakwai da dare shida: 490 da 300 da 20, ya kama 810, da haraji ya haura dala 950. Wannan kuɗin hukuma ne zalla, ba a sayi abinci ba, ba a zuba mai a mota ba, ba a biya ɗan jagora da mataimakansa da mai dafa abinci ba, balle 'yan dako, waɗanda ƙa'ida ta hana a ɗora wa kowannensu kayan baƙi fiye da kilo 20, shi ya sa mutum huɗu kan buƙaci ma'aikata fiye da goma. Farashin da aka ba mu ko kuɗin ƙofa bai kai ba. Babu yadda za a yi mai gaskiya ya kai mu da wannan kuɗi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Kuma waɗannan kuɗaɗe ba a ɓoye suke ba, hukuma tana wallafa su, kowa na iya dubawa.

Abin da dattijon ya faɗa bayan wannan shi ya fi tsaya mini a rai. Ya ce mu kuɗi muka rasa, amma akwai masu arahar da ba sa guduwa, suna kai mutum dutsen da gaske, kuma su ya fi jin tsoro. Tunda kuɗin hukuma ba ya raguwa, to daga ina suke rage nasu? Daga haƙƙin 'yan dako, a biya su abin da bai taka kara ya karya ba, a tura su cikin sanyi ba rigar kirki. Daga yawan kwanaki, a mai da bakwai biyar. Daga tulun iskar oksijin da na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini, a bar su a ƙasa. A kan ƙololuwar nan, iskar da mutum ke samu a kowane numfashi kusan rabin wadda yake samu a bakin teku ce. Ciwon tsayi yana farawa da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, idan aka yi biris aka ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma yana kisa. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga gare shi. Abin da ke karewa shi ne hawa a hankali, shi ya sa ba ka jin komai a bakin 'yan jagora sai "pole pole", wato sannu-sannu da harshen Suwahili, kuma idan abin ya yi tsanani babu magani kamar a sauko. Ɗan jagoran da aka matse wa kuɗi, wanda kowace rana ta ƙari asara ce a wurin maigidansa, shi ne zai ce maka daure, saura kaɗan.

Da na dawo na shiga bincike, sai na ga salon yana canza riga gwargwadon wuri. A hanyar Inka da ke kaiwa tsohon birnin Machu Picchu a Peru, can kam gurbi yana ƙarewa da gaske: mutum 500 ake bari a rana, har da 'yan jagora da 'yan dako, izini yana ɗauke da lambar fasfo ba a canza shi ga wani, kuma ana rufe hanyar a watan Fabrairu. Wanda ya ce yana da ragowar izini zai sayar maka, ko zai kai ka a Fabrairu, ka san inda ya dosa. A Ruwanda izinin ganin gwaggon biri a gandun Volcanoes dala 1,500 ne ga baƙon waje, mutum takwas ake kai wa kowane garke, su yi awa ɗaya. Wanda ya haɗa maka tafiyar duka da otal da mota a ƙasa da wannan, sai ya gaya maka wa ya biya izinin. A Nepal kuwa, binciken da gwamnati ta yi a 2018 ya bankaɗo yadda wasu kamfanonin yawo ke haɗa baki da masu jirage masu saukar ungulu da asibitoci, a tsorata matafiyi a kan ɗan ciwon kai, a kwaso shi a jirgi, a caji kamfanin inshora maƙudan kuɗi. Tafiyar da aka sayar da araha, a wajen ceton ƙarya ake fanshe ribarta.

Ga wanda yake shiri yanzu, abu na farko shi ne lissafin nan na dattijo. Nemo kuɗin da hukumar wurin ke karɓa, ka tara, ka kwatanta da abin da aka yanka maka. Idan tazarar ba za ta ciyar da ma'aikata ta biya su ba, magana ta ƙare, komai daɗin bakinsa. Bayan haka ka nemi cikakken sunan kamfanin da lambar lasisinsa, kada ka tsaya a hoton takardar da ya turo, domin mu ma an turo mana takarda. Ka duba ko sunan yana cikin jerin ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido ta Tanzaniya, TATO, ko cikin abokan hulɗar KPAP, masu sa ido a kan haƙƙin 'yan dakon Kilimanjaro. Ko ka ga sunan, ka kira lambar da ke cikin jerin, ba wadda ya ba ka ba, saboda wasu sunan kamfani na gaskiya suke ara su canza harafi ɗaya. Otal ɗin da aka ce an kama maka ɗaki, kira su da kanka. Da na yi wannan kira guda ɗaya, da tun muna gida asirinsa ya tonu.

Hotunan ma ana iya bin sawunsu. Ka ɗauki biyu ko uku ka sa a manhajar binciken hoto. Da na yi haka daga baya, na tarar da namu an kwaso su ne daga shafukan kamfanoni daban-daban, an yanke tambarinsu. Yabon da ke ƙarƙashinsu kuma kusan duk a cikin 'yan kwanaki aka rubuta shi, da kalmomi masu kama da juna.

Sai hanyar biya, wadda a nan muka fi yin sake. Kuɗin da aka biya da kati zuwa asusun kamfani, akwai hanyar kai ƙorafi banki a nemi a dawo da shi idan ba a yi aikin ba. Wanda aka tura kai tsaye asusun wani mutum, ko ta wakilan aika kuɗi, ko da kuɗin kirifto, dawo da shi yana da matuƙar wuya. Kamfanoni na gaskiya da yawa kafin alƙalami kaɗan suke karɓa, a cika sauran idan an iso an ga juna. Wanda ya nace sai ka biya duka kana gida, ya kuma sa maka wa'adin Juma'a, ka bar shi da Juma'arsa. Inshorar tafiya ma a karanta ta da kyau, domin da yawa ba sa ɗaukar nauyin hawan da ya wuce wani tsayi, mai zuwa Kilimanjaro yana buƙatar wadda ta kai mita 6,000.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda a Moshi kafin mu taso, mun ba su lambar asusun da lambobin wayar da duk saƙonnin da muka yi. Har yau ba mu ga kuɗinmu ba. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne hotunan fasfo ɗinmu da ke hannunsa, don haka wanda ya riga ya tura masa nasa ya sa ido sosai a kan duk abin da za a iya buɗewa da sunansa.

Sabon shafin ya ƙara da tafiyar gandun Serengeti da hawan dutsen Meru, amma hotunan Kilimanjaro su ne dai na da, har da na wata mata mai jar hula a gindin allon Uhuru. Salon maganar ma bai canza ba: ɗan ƙasa ne, ba dillali, saura gurbi kaɗan. Na kai rahoton shafin, abokaina ma sun kai. Wanda ya riga ya tura kafin alƙalami, kada ya ƙara ko dala ɗaya da sunan cika kuɗin izini, ya adana rasit da saƙonnin duka kafin a goge su, ya je bankinsa yau ɗin nan.