Teburin oak na gwanjo da na saya a Sabon Gari

Masu tambayata kan shagon kayan katako na gwanjo ɗin nan na Sabon Garin Zariya, eh kayansu na gaske ne, amma kar ku tafi da rawar jiki. Teburin cin abinci na ɗauka, mai shagon ya ce oak ne daga Turai, na sa yaransa suka kifa shi na duba ƙasan inda ba fenti, katako ne zalla ba garin katako da aka danne aka manna wa leda ba. Nauyi kam ba a magana, sai da ƙarti suka taru kafin ya hau a-kori-kura.

Shi wannan icen ba ya fitowa a ƙasarmu, na wurin sanyi ne. Akwai irinsa da ya fi son tudu da ƙasa mai duwatsu, daga Ayalan da Faransa har Turkiyya, kuma girmansa a hankali yake, sai ya haura shekara 100 kafin a sare shi, shi ya sa zanen jikinsa yake a matse gwanin kyau. Da can da shi Turawa ke ƙera jiragen ruwa, ɓawonsa kuma su yi jima da shi kamar yadda majemanmu ke yi da bagaruwa. To sinadarin da ke cikin ɓawon mai yin jimar yana cikin katakon ma, in ka ajiye jiƙaƙƙen ƙarfe a kai, ko da gwangwanin madara ne, sai ya bar baƙin tabo, kuma ba wanda ya gaya min haka a shagon.

Babbar matsalar hunturun Zariya ce wallahi. Katakon da ya saba da laima ya zo ya haɗu da busasshiyar iskar Janairu, tsakiyar teburin ya ɗan tsage, kafinta ya cike ya shafa mai ya ce in janye shi daga bakin taga.

Mai shagon yana da fara'a, ragi ne dai ba ya yi sosai, kuɗin kai kaya gida ma a kanka yake. Gaskiya kuɗin da na biya zai yi min tebur na madaci mai kyau a wajen kafinta har da kujeru, kuma madaci ya san yanayinmu. In dai zanen oak ɗin kake so to je ka, amma ka duba ƙafafun sosai, wasu na gani da ƙananan ramukan ƙwari.