Kajijin da nake oda daga Maiduguri, ga yadda na same shi

Masu tambayata kan kajijin nan da wata Hajiya mai sana'ar turaren wuta take turowa daga Maiduguri, gaskiya busasshen nata ba shi da makusa, amma tsumammen kam ba zan ce wa kowa ta saya ba sai in dama ƙamshin turaren kwalba kike nema.

Busasshen ƙwayoyinsa manya ne, baƙi-baƙi da gashin saiwa a jiki, kuma ta kakkaɓe ƙasar tas, wanda ba kowa ke yi ba, wasu da ƙasar za su auna miki a mudu. Kina ɗan buga ɗaya a turmi ta fashe ƙamshin nan zai taso, na itace da ɗan yaji-yaji, a kasko kuma baya cin wuta da sauri, garwashi ya ɗan yi toka kawai ki ɗora, hayaƙin ya kama labule da zannuwan gado har washegari ana ji.

Abin da yasa na yarda da ita, kajiji ne zalla ba gauraye. Shi fa ciyawar bakin ruwa ce, dangin aya da aya-aya, yana fita sosai a gefen Tafkin Chadi, karansa dogo ne zagayayye ba ganye, in ya bushe sai ki ga gaɓa-gaɓa a jiki, har tabarma ana saƙawa da shi. Matsalar ita ce saiwar aya-aya, wannan da ke addabar manoma a gona, ita ma tana da ɗan ƙamshi, to sai wasu su zuba ta ciki don awo ya cika, in ba kin lura da ƙanƙantarta ba shikenan an sha ki. Wata ma ta ce min ai kachala ce, a'a, kachala daban, ita ce mai kai kamar zangarniyar gero da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Hadejia da Nguru. Kuma wai abin namu har a Brazil suna da shi, priprioca suke ce masa, kamfanin Natura na saka man shi a turare.

Tsumammen ne dai haba Hajiya, an zabga masa turare da suga har yana danƙo, kina sawa a wuta sugan ya fara ƙonewa ɗaki ya ɗau ƙauri, shi kajijin ma baki ji shi ba, ga shi ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Kayan ta mota take sakowa, ita za ta turo miki lambar direba ki je tasha ki karɓa, kuɗin mota naki ne. A leda take ɗaurewa, don haka yana zuwa ki baza shi a faranti a inuwa ya sha iska kafin ki juye a kwalba, musamman da damina, in ba haka ba fumfuna zai yi.