Mastodon a idon mai zane

Tun ƙarshen 2022 nake ɗora zane-zanena a Mastodon, wani dandalin sada zumunta mai kama da Twitter. Na shiga ne a lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter, jama'a suka yi ta tururuwa suna neman inda za su koma. Ashe dandalin ba sabo ba ne, wani matashi a Jamus mai suna Eugen Rochko ne ya fito da shi tun 2016, kuma manhajar a buɗe take, duk mai iyawa zai iya kafa tasa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da asusun masu amfani da abin da suke wallafawa.

Nan ne sabon shiga ke yin turus, domin sai ka zaɓi sabar da za ka zauna. Abin kamar imel yake: adireshinka na ɗauke da sunanka da sunan sabarka, amma kana iya bin wanda ke wata sabar daban, saboda duk suna magana da juna ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub. Kwana biyu ka saba.

Abin da ya riƙe ni shi ne babu wani tsarin kwamfuta da ke zaɓa mini abin da zan gani. Wanda na bi, shi nake gani, bi da bi yadda aka wallafa, kuma babu talla. Kafin nan, a wani dandalin da na daɗe a kai, na wayi gari hannuna ya daina bin zuciyata. Fuskoki masu manyan idanu nake ta zanawa don su ke jawo jama'a, har sa'ar ɗorawa sai na lissafa. Wannan ya daɗe yana ci mini rai. A Mastodon ko mutum dubu sun danna wa zanenka tauraro, wato alamar ya burge su, hakan ba zai tura shi gaban mabiyansu ba. Sai wani ya ga ya cancanta ya yaɗa shi da hannunsa. Da na fahimci haka, sai na koma zana abin da nake so tun asali, wato hannaye.

Akwai wata ɗabi'a a wurin da ban taɓa zaton za ta shafi aikina ba. Mutanen suna ba wa rubuta bayanin hoto muhimmanci ƙwarai, saboda makafi masu amfani da manhajar karanta allo. Wata rana na ɗora zanen hannayen wata tsohuwa tana zura zare a allura, na rubuta bayani layi biyu. Sai wata makauniya da ke bina ta tambaye ni: wane hannu ke riƙe da zaren, kuma yana rawa ne ko a tsaye yake? Na koma na ƙura wa takardar ido. Na zana jijiyoyi da tamoji da kyau, amma babban yatsan a sandare yake, babu alamar ƙoƙarin da tsohuwa ke yi kafin zare ya shiga. A daren na sake zanen. Tun daga ranar, kafin in ɗauki fensir sai na fara faɗa wa kaina da baki abin da zan zana.

Yana da nasa rauni, ba zan ɓoye ba. Wurin shiru ne, wanda ke neman masu sayen aikinsa da yawa zai ga kasuwar ba ta cika ba. Yawancin sabobin haruffa 500 suke ba ka. Binciken rubutu bai kankama ba sai 2023, shi ma sai mai rubutun ya amince a same shi, don haka maudu'i mai alamar # shi ne fitilarka. Sabobi da dama 'yan sa-kai ne ke riƙe da su, suna iya rufewa, kuma idan ka yi ƙaura mabiyanka za su biyo ka amma tsofaffin wallafe-wallafenka ba za su biyo ba. Shi ya sa nake adana kwafin komai a kwamfutata, ina kuma tura ɗan abin da ya samu ga mai kula da sabarmu duk wata.

Mai zane ko marubucin da ya gaji da farautar yabo, ina ba shi shawara ya gwada wata uku, ya bi maudu'ai biyar da yake ƙauna, ya riƙa amsa wa mutane. Ni yanzu ina kan zane na goma sha huɗu a jerin hannayen, kuma waccan baiwar Allah ce ke fara karanta bayanin kowanne.