Tsohon Katin Maki na Wasan Besbol: Wanda Aka Cika ko Wanda Ba a Taɓa Ba?

Katin maki takarda ce mai ninki da ake sayar wa 'yan kallo a ƙofar filin besbol a Amurka, ɗauke da sunayen 'yan wasa da gidajen da mutum zai riƙa cikewa da fensir yayin da ake buga wasa. Alamomin da ake cikewa da su sun samo asali ne daga ɗan jarida Henry Chadwick, wanda ya ƙirƙiro harafin K domin nuna mai bugun da mai jifa ya fitar bayan ya kasa bugun ƙwallo sau uku, sannan Harry M. Stevens ya mayar da sayar da katin sana'a a birnin Columbus na jihar Ohio tun 1887. Abin da a da ake saya da senti biyar ko goma ya zama kayan tarihi, kuma duk mai son saye zai tarar da zaɓi iri biyu a gabansa: kati mai tsabta da ba a taɓa rubutu a kansa ba, da kuma wanda wani ɗan kallo ya cika.

Kati mai tsabta ya fi kyan gani a cikin gilashi, amma sau da yawa ba ya faɗin ranarsa, domin ƙungiyoyi kan buga bango iri ɗaya na tsawon kakar wasa, sai dai a sauya sunayen 'yan wasan ƙungiyar da ta zo baƙunci a ciki. Wanda aka cika kuwa, ko da fensirin ya dusashe, yana ɗauke da jerin masu bugu da makin kowane zagaye, kuma ana iya kwatanta su da bayanan wasannin da shafukan intanet na tarihin besbol, Retrosheet da Baseball-Reference, suka tattara har a gano ainihin ranar. A ganina wannan ne ya fi cancantar kuɗin mai saye, saboda ranar ce ke ɗaga daraja. Katin ƙungiyar Brooklyn Dodgers na 1947 abu ne mai kyau, amma wanda ya tabbata na 15 ga Afrilu ne, ranar da Jackie Robinson, baƙar fatar da ya karya shingen wariyar launin fata a babbar gasar besbol, ya fara buga wa ƙungiyar wasa a filin Ebbets, ya shiga wani aji daban. Abin lura kawai shi ne, ana iya ɗaukar tsohon kati mai tsabta a cika shi yau da sakamakon shahararren wasa, don haka a duba ko sunayen da aka buga da inji sun dace da waɗanda suka fito a ranar.

Idan katin bai ɗauke da shekara ba, sunan ƙungiya da na fili su ne shaidar farko. Ƙungiyar Yankees ba ta ɗauki wannan suna a hukumance ba sai 1913, kafin nan Highlanders ake kiranta, filinta na Yankee Stadium kuma a 1923 aka buɗe shi. Filin Chicago da aka sani da Wrigley ya fara ne a 1914 da sunan Weeghman Park, ya koma Cubs Park a 1920, sannan ya samu sunansa na yanzu a 1926. Katin da ya kira ƙungiyar Braves ta Boston da suna Bees ba zai fita daga tsakanin 1936 da 1940 ba. Lambar riga ma tana raba gardama, domin a 1929 ne Yankees da Cleveland suka fara sa ta a bayan riga a kai a kai, inda taurarin Yankees Babe Ruth ya sa 3, Lou Gehrig kuma 4.

Tallace-tallacen da ke gefe sukan fi sunayen 'yan wasa faɗin gaskiya. Tallan giya yakan ɓace tsakanin 1920 da 1933 lokacin da aka haramta ta a Amurka, tambarin shuɗiyar gaggafa ta hukumar farfaɗo da tattalin arzikin Amurka (NRA) na nuna 1933 zuwa 1935, kiran a sayi takardun lamunin yaƙi kuma yakan nuna shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. Adireshin da ke da lambar gidan waya mai alƙaluma biyar bai girmi 1963 ba.

Saura batun na asali da na kwafi, wanda ya fi damun masu neman littattafan shirin wasa na gasar World Series, wato wasannin ƙarshe na fitar da zakara, wadda aka fara a 1903, domin an sake buga da yawa daga cikinsu daga baya. Takardar da aka yi bayan wajajen 1950 takan yi walƙiyar shuɗi a ƙarƙashin fitilar ultrabayolet saboda sinadarin farantawa da ake sa mata, tsohuwa kuwa takan zauna a dusashe. Da madubin ƙara girma za a ga cewa baƙin rubutun asali cikakken tawada ne, wani lokaci har da ɗan lotsawa a jikin takarda, na kwafi kuma yakan warwatse zuwa ɗige-ɗige masu launi.

Babban gidan gwanjo yakan ɗora kaso a kan farashin da gwanjon ya tsaya a kai, amma yakan tsaya a kan bayanin da ya bayar. A kasuwar intanet ta eBay ana samun sauƙi, musamman a katunan shekarun 1950 da suke da yawa, sai dai bai kamata a biya ba sai mai sayarwa ya turo hoton shafukan ciki da na baya, da na tsakiyar ninki inda tsagewa da gyaran salatif sukan ɓoye.